Ina Matar Gidan Take Zama?

Jama'ar shafin nan, sallama gare ku, ku matso kusa don yau bakina cike yake. Masu turo min saƙo suna cewa na ɓace, ku yafe ni, kwali da gam ne suka riƙe ni. Wanda kuma yau ya fara leƙo mu, ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe ta karatun zanen gine-gine. A gidanmu ba mai kirana da sunana, 'Yar Kwali ake ce min, saboda ɗakina ya fi kama da bayan shago: kwalaye, reza, rula, guntayen fensir har cikin takalmi. Akwai kuma wani bawan Allah mai kantin magani da ya daɗe yana sintiri a gidanmu, a nan Mai Kemis muke kiransa. Manyansa sun turo suna son jin matsaya. Abba ya ce ba zai yanke min hukunci ba, bakina yake jira. Ni kuwa na yi gum.

Ba wai ba na son sa ba ne. Ina son sa, na faɗa, ku rubuta ku ajiye. Tsoro nake ji. Yayata ta karanta gwaje-gwajen asibiti, ita ce kan gaba a ajinsu. Wata rana bayan aurenta na shiga kicin ɗinta, sai na ga babban littafinta, wanda a da take kwana a kansa, an tokare ƙafar kabad da shi don kada ya riƙa rawa. Mijinta ba mugu ba ne, bai taɓa hana ta aiki ba. Kawai dai babu inda za ta ajiye littafin a gidan, daga baya ma lokacin buɗe shi ya ɓace. Tun daga ranar, duk sanda aka yi min maganar aure sai in hango allon zanena a ƙarƙashin kabad ɗin wani.

To, bari in kai ku makaranta. Mai duba aikinmu na ƙarshe wata Farfesa ce, 'yar firit da ita, gilashi a kan karan hanci. Muryarta ba ta tashi sama, amma idan ta ƙura wa zanenka ido sai ka fara neman kuskurenka da kanka. Dokarta guda ce: ba ka jan layi ko ɗaya sai ka wuni da mutanen da za su zauna a gidan, ka tambayi kowannensu, "Idan ka gaji, ina kake zama?" Ta ce amsar nan ita ce gidan, sauran duk bulo ne. Kuma aikin ƙarshe dole ya zama a kan fili na gaske, don mutane na gaske.

Da Mai Kemis ya ji ina neman fili ruwa a jallo, sai ga saƙonsa: "Ina da fili, ina da mutane. Ni da Mama da ƙanwata. In kin ga dama ki ƙara mutum ɗaya."

Na karɓi filin, na yi kamar ban ga jimlar ƙarshe ba.

Na je na wuni a gidan hayar da suke ciki. A saman bene suke, Mama kuma ciwon gwiwa ya sa ta gaba, sai ta yi makonni ba ta taka ƙasa ba. Da rana ɗakin kamar an hura gawayi a ƙarƙashin gado, tagar kuma bangon maƙwabci take kallo. Na durƙusa kusa da ita na yi mata tambayar.

Ta yi dariya har da tafa hannu. "'Yar nan, ai inda gwiwa ta yar da ni nan nake zama. Amma da zan samu wurin da zan riƙa ganin masu wucewa, su kuma ba su ga na miƙe ƙafa ba, da na gode Allah."

Ƙanwarsa tela ce. Ta ce ita haske take so wanda ba ya zuwa da zafi, don idan tana ɗinkin baƙin yadi idonta har ruwa yake yi. Shi kuwa gogan, da na tambaye shi sai ya sosa ƙeya.

"A mota."

"A mota kuma?"

"Idan na dawo daga kanti sai in kashe ta, in sauke gilas, in ɗan zauna. Wuni guda ina sauraron ciwon mutane, kunnena yana son hutu kafin in shiga."

Da waɗannan amsoshin na zana gidan, kuma ba yabon kai ba, na zuba masa duk abin da na sani. Babu matakala ko ɗaya, gangare ne mai sauƙi daga bakin ƙofa har ɗakin Mama. Bulon na ƙasar filin ne, wadda za a haƙo wajen tona tushe, a matse ta da ɗan siminti kaɗan, bangon ya yi kauri yadda zafin rana ba zai ratsa shi da wuri ba. Tagogi suna kallon juna don iska ta shiga nan ta fita can, ga ƙananan ƙofofin iska a can sama kusa da rufi inda zafi yake taruwa. Bakin rufin na yi shi da faɗi ya yi wa bango inuwa, ruwan sama kuma ya bi indararo ya sauka a tankin ƙasa. Akwai wani tsohon mangwaro a tsakiyar filin da magina suka ce a sare, na ce ko ganyensa ba za a taɓa ba, gidan ne zai zagaye shi. Mama na yi mata dakali a bayan bango mai huji-huji da ke kallon titi. Tela ta samu doguwar taga a gefen da rana ba ta duka. Shi kuma na yi masa 'yar baranda kusa da inda zai ajiye mota, kujera ɗaya tal.

Na gina ɗan samfurin gidan da kwali, na yanka 'yan mutane da takarda na manna su a wurarensu. Ga Mama da sandarta, ga tela da kekenta, ga shi a kujerarsa. Har kyanwar gidan ban manta ba.

Ranar kare aiki ina tsaye gaban madubi, na sa doguwar riga ruwan toka mai ɗan aiki a hannu, ina fama da allurar mayafi, sai ga Gwaggo, ƙanwar Abba. Ita ba ta sallama sai ta riga ta shigo tsakiyar ɗaki.

"'Yar Kwali, wannan baƙin takalmin za ki sa? Kamar mai zuwa kamun ɓarawo."

"Gwaggo, tsayuwa zan yi ta awa guda."

"Tsayuwa dai! Shi yaron nan ba tsayuwar yake ta yi ba? Kin zana masa gida, kin zana wa uwarsa, na ji har mage kin zana. Amsa ce kawai ta gagare ki. Jiya ma yayarsa ta kira ni, na rasa inda zan sa fuskata."

"Bari in gama da yau, don Allah."

"Kullum yau. Allah ya ba da sa'a dai. Juyo in gyara miki, mayafin ya karkace."

Haka Gwaggo take, da baki ɗaya za ta yanka ka ta kuma yi maka addu'a.

Zauren ya cika da 'yan ajinmu. Malamai suna zaune a dogon tebur, Farfesa a tsakiya. Ina ɗaga ido sai na hango Mai Kemis a kujerar ƙarshe, ya ninke farar rigar aikinsa a kan cinya. Ashe rufe kanti ya yi ya taho. Da na fara bayani sai bakina ya saki. Na yi maganar iska, na yi ta ruwa, na nuna yadda inuwar mangwaron take tafiya daga safe zuwa yamma. Wani malami da bai taɓa yabon kowa ba har gyaɗa kai ya yi. A raina na ce shi ke nan, na haye.

Sai Farfesa ta miƙe. Ta zagayo, ta sa yatsu biyu ta ɗage rufin samfurin, ta sunkuya tana bin 'yan mutanena da bakin fensir.

"Wannan babban ɗakin na wane ne?"

"Na maigidan da matarsa, Malama."

"Ina matar?"

"Bai yi aure ba tukuna."

Na ji 'yan ajinmu sun fara ƙus-ƙus a bayana, don munafukan duk sun san wanda ke zaune a kujerar ƙarshe.

"Amma kin san tana zuwa," in ji Farfesa. "Ga kicin kin yi mata, ga gado, ga wurin shanya. Na ga inda za ta yi wa kowa aiki. Idan ta gaji fa, ina take zama?"

Na kalli gidan da na yi watanni ina ginawa kamar yau na fara ganinsa. Mage tana da wurinta a kan katanga. Matar gidan ba ta da ko kujera.

"Ban tambaye ta ba, Malama," na faɗa, muryata can ƙasa.

Ta kalle ni ta saman gilashi, ba faɗa a fuskarta. Ta mayar da rufin a hankali.

"Aikinki ya yi kyau, kin ci. Amma gidan bai ƙare ba. Ki nemo ta ki tambaye ta."

Aka tafa min. Ni ban ma ji tafin ba. Na tattara takarduna da samfurin na bi ta ƙofar baya, ko waiwaye ban yi ba. A cikin mota wayata sai ƙara take, saƙonnin Mai Kemis ne.

"Barka! Kin burge kowa."

"Kina ina? Kin bar jakar rezarki, tana hannuna."

"'Yar Kwali?"

Ban amsa ko ɗaya ba. Ina isa gida na wuce lunguna. Wani ɗan siririn wuri ne a bayan kicin, tsakanin bango da tankin ruwa. Iska tana bi ta nan ko da ko'ina ya yi tsit, kuma ba mai zuwa sai mai neman tsintsiya. Akwai wani tsohon bokitin roba da na kife, a kansa nake zama in ɗora allo a gwiwa tun ina aji ɗaya. Nan na zauna na yi kuka mai isata. Ni da nake cika baki a aji cewa masu zane suna mantawa da mata, ni ce da fensirina na yi wa kaina abin da ya samu Yaya. Ba wanda ya tura allona ƙarƙashin kabad. Tsoron sa kaina a gidan ne ya sa ban bar wa allon wuri ba.

Da yamma na daure na tura masa: "Na gode da zuwa. Kaina ke ciwo." Ya amsa: "Allah ya sauwaƙe. Ki sha ruwa da yawa." Daga nan ɗif, ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Kwanaki suka wuce, ba kira, ba saƙo. Mutumin da ko atishawa na yi sai ya turo sunan magani. Na riƙa buɗe waya ina rufewa kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Gwaggo ta samu abin yi.

"Kin gani ko? Ya gaji. Kin kunyata shi a gaban mutane, gida guda ba wurin matarsa. Ni dai ba ruwana."

Umma tana ta ninke wanki, amma na ga gefen bakinta yana motsi. Ban kawo komai a raina ba. Abin da ya ƙara min haushi ma, na dawo daga makaranta wata rana na tarar bokitina ya tsage gida biyu. Na ɗauko shi na zo tsakar gida ina masifa.

"Wane ne ya zauna min a bokiti? Wannan ba zaman mutum mai tausayi ba ne!"

Umma ta toshe baki da gefen zane ta shige ɗaki.

Ranar Asabar da la'asar ina kwance da tsohuwar rigar barci duk tabon gam, sai Umma ta leƙo.

"Tashi ki sa kaya na mutunci, kina da baƙo a falo."

Na zura atamfa shuɗiya, na ɗaura ɗankwali a karkace, ko hoda ban shafa ba don ina so ya san fushi nake. Na shiga na same shi zaune a bakin kujera, shadda fara ƙal, ga jakar rezata a gefe, ga wani kwalin maganin tari a kan cinyarsa ya riƙe da hannu biyu. Yatsunsa biyu naɗe da filasta.

"Ina wuni."

"Lafiya lau. Ya ciwon kan?"

"Ya warke tun tuni. Da ka tambaya da ka sani."

Ya yi murmushi, ya ajiye kwalin a kan tebur. "Aiki ne ya riƙe ni. Kuma ki yi haƙuri da bokitinki, zan saya miki sabo."

Na zaro ido. "Kai ne?"

"Farfesarku ta ce a nemo matar a tambaye ta. Na san in na tambaye ki cewa za ki yi ba komai. Sai na zo ranar da kike makaranta na tambayi Umma: idan kin gaji, ina kike zama? Ta kai ni. Na ce bari in wuni a wurin yadda kike yi. Ban kai ga wunin ba bokitin ya ci amanata."

Ya buɗe kwalin. Wayyo jama'a, ban taɓa ganin mummunan samfuri irin wannan ba. Ɗaki ne guda, an yanka shi da almakashi daga kwalayen magani, an manne da filastar ciwo. Bangon ɗaya ya jingina da ɗan'uwansa kamar mai jin barci, a jikinsa ma ana karanta "cokali biyu bayan cin abinci". A ciki akwai tebur na kwalin ashana. Ƙofa biyu ya yi.

"Wannan ta tsakar gida ce, ƙarƙashin mangwaro," ya nuna da yatsa mai filasta. "Wannan kuma ta waje, don masu kawo miki aiki su shigo ba sai sun ratsa gida ba. Na auna, zai zauna a gefen ɗakin tela."

Sai na ga wasu siraran kwalaye da ya jera a bango tun daga ƙasa har sama.

"Waɗannan fa?"

"Kantoci. Na littattafai." Ya yi ƙasa da murya. "Ko ɗaya ba zai je ƙarƙashin kabad ba."

Ban taɓa gaya wa kowa maganar littafin Yaya ba, ko ku sai yau. Na juya, sai ga Umma a bakin ƙofa da tiren shayi.

"Kin ɗauka ke kaɗai kike da ido?" ta ce. "Ni ma na ga littafin nan. Na kuma ga fuskarki ranar da kika dawo. Ni na haife ku duka biyun."

Ta ajiye tiren ta fita abinta. Hawaye suka cika min ido, na rasa ta inda zan fara godiya. Kun san halina, idan abu ya taɓa min zuciya sai bakina ya koma aiki. Na jawo samfurin na hau dubawa.

"Wannan ɗakin ai ko miƙa ba zan iya yi a ciki ba. Me ya sa ya tsuke haka?"

"Awon lungunki ne daidai. Da tef na auna, sau biyu."

Dariya ta ƙwace min tare da kukan. "Ka ɗauka matsin nake so? Iskar nake bi, da shirun! Kuma dubi tagarka, yamma take kallo. Da la'asar gasa mutum za ta yi da ransa."

"Shi ya sa nake neman mai zane," ya ce, ko a jikinsa. "Ni magani na iya. Ki gyara yadda kike so, in ma rushewa za ki yi ki sake. Abu ɗaya na sani, ba za a sa bulo ko ɗaya a filin nan ba sai da ɗakin nan a ciki. Mama ma ta ce haka. Ta ce wadda ta sauko da ita daga bene ba za ta zauna a kan bokiti ba."

Bai tambaye ni amsa ba. Ya sha shayinsa, ya yi wa Umma sallama, ya tafi ya bar min kwalin.

Ni dai ban san wanda zan fara gode wa ba bayan Allah. Farfesa da ta ɗage rufin nan a gaban jama'a, ranar na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, yau kuwa addu'a nake mata. Umma da ta riƙe abin a ranta tsawon lokacin nan tana kallona. Mama da ko surukarta ban zama ba ta tsaya min. Da shi kansa, da ya ɗauki tambayar da na yi wa kowa ya juyo da ita kaina, har ya yanke yatsu. Na gode, na gode, kuma ba na jin kunyar faɗa a nan.

Tun rana ba ta faɗi ba na share teburina. Na ɗauko sabon kwali na faɗaɗa ɗakin, na juya tagar ta kalli arewa, na buɗa wata ƙarama a bangon da ke fuskantarta don iska ta ratsa kamar a lunguna. Kantocinsa kuwa ban taɓa su ba, haka na ɗauke su da filastarsu da karkacewarsu na manna a sabon bangon. Na jona ɗakin da gidan, ya zauna daram a inuwar mangwaro. Sannan na ɗauki farar takarda na yanka 'yar mace, na zana mata ɗankwali a karkace da fensir soke a gefensa. Na sa mata gam, na zaunar da ita a gaban teburin ashana.

Na ɗauki hoto na tura masa, ban rubuta komai ba. Nan take ya buɗe. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Can sai ga shi:

"Wannan zane ne ko amsa ce?"

Ban kai ga taɓa wayar ba aka banko ƙofa. Sai Gwaggo, mayafi a kafaɗa, tana haki.

"'Yar Kwali, Abbanki na kira. Mutanen nan sun sake bugo waya, ya ce yau dai ki faɗa masa abin da zai gaya musu. Kuma don Allah kada ki ce min gobe."

Na kife wayar a kan gado. Na goge gam ɗin yatsuna a jikin atamfar, na sa hannu biyu na ɗauki gidan gaba ɗaya, da mangwaronsa da magensa da matarsa.

"Gwaggo, riƙe min ƙofa," na ce. "Hannuna a cike yake."